Babur Na Hannu: A San Tarihinsa Kafin A Biya Kuɗinsa

Gabatarwa

Wasu daga cikin masu karanta wannan jagora za su yi mamakin ganin mai binciken kimiyyar noma ta ajiye zancen iri da taki da ciyawa, ta ɗauko zancen babur. Dalili kuwa shi ne, a shekarun da na yi ina kai da kawowa tsakanin cibiyarmu da gonakin gwaji na ƙauyuka, na sha ganin aikin gona ya lalace alhali fari bai taɓa shi ba, ƙwari ma ba su taɓa shi ba. Abin hawa ne ya gaza a ranar da ake buƙatarsa. Babur a yau ya shiga sahun kayan aikin gona, daidai da garma da injin ban ruwa da famfon feshi. A kansa ake ɗauko taki daga gari, a kansa ake kai tumatir da kuɓewa kasuwa kafin rana ta take, a kansa ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare, a kansa kuma malamin gona yake kewaya ƙauyukan da aka damƙa masa.

Ra'ayina a kan sayen babur na hannu a taƙaice yake. Duk babur ɗin da ya yi hatsarin da ya taɓa firam ɗinsa, wato ƙarfen nan da inji da tayoyi da tanki suke rataye a jikinsa, ko kuma wanda samari suka daɗe suna tsere da wasan ganganci da shi, bai dace da manomi ko malamin gona ba, komai arhar kuɗinsa. Wanda kuwa ya yi 'yar faɗuwa ce kawai, ya fasa fitila ko ya ƙuje tanki, ana iya cinikinsa idan mai shi ya faɗi gaskiya. Abin da ya rage shi ne mu san yadda za mu bambance su.

Yadda babura na hannu suka cika kasuwanninmu

Dangantakar babur da aikin malamin gona tsohuwa ce. Tun daga shirye-shiryen bunƙasa aikin gona da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 tare da tallafin Bankin Duniya, har zuwa lokacin da aka baza su a sauran jihohi, tsarin horo da ziyara ya ɗora wa malamin gona zuwa horo duk mako biyu, da ziyartar rukunin manomansa a ranakun da aka tsara. Wannan aiki ba ya yiwuwa da ƙafa, shi ya sa a wancan zamani ake ba malaman gona rancen babur. Da tallafin ya janye, sai ya zama mafi yawan malaman gona su suke nema wa kansu abin hawa daga ɗan albashinsu.

A ɗaya ɓangaren kuma, manyan birane sun yi ta korar 'yan acaɓa. An hana su aiki a tsakiyar birnin Abuja a 2006, an hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a 2013, sannan Jihar Legas ta hana su a ƙananan hukumomi shida a 2022. Baburan da suka sha wahalar birni ba ɓacewa suka yi ba. Da yawansu sun gangaro ƙananan garuruwa da kasuwannin ƙauye, an wanke su, an yi musu fenti, an sa su a layin dillalai. Bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin sabon babur, ko Bajaj ne ko Haojue ko TVS, ya yi tashin da ƙaramin manomi ba ya iya kai hannu, sai kowa ya karkata ga na hannu.

Babu laifi a cikin wannan. Akwai babura na hannu masu lafiya da za su yi wa mutum aiki shekara da shekaru. Matsalar ita ce a layi ɗaya ake jera su da waɗanda suka yi karo da mota, da waɗanda aka gama kashe injinsu a wasan biki, kuma fenti ɗaya ne a jikinsu duka.

Abin da na gani da idona

Wata damina, muna da gonakin gwajin masara a wasu ƙauyuka masu nisa da kwalta, kuma wani malamin gona mai ƙwazo ne yake kula mana da su. Gab da faɗuwar ruwa ya sayi babur a hannun wani dillali. Babur ɗin yana sheƙi, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa da na 'yan'uwansa ƙwarai. Tun a makon farko ya lura yana jan sa zuwa hagu idan ya sassauta riƙo. Da ya koma wa dillalin, sai aka ce masa taya ce, ya ƙara mata iska.

Da masara ta kai mako na biyar, lokacin zuba taki na biyu ya yi. Ya ɗauro buhun yuriya a baya, ya kama hanyar burji. Yana gangarawa wani kwazazzabo sai wuyan firam ya ɓalle, tayar gaba ta shige ƙarƙashin inji, shi kuwa ya faɗi, babur da buhu suka danne masa ƙafa. Da aka kwance tanki daga baya, sai ga tsohuwar walda a wuyan, an goge ta, an rufe da baƙin fenti. Ashe babur ɗin ya taɓa yin taho-mu-gama da mota a birni.

Allah ya yi masa gyaɗar dogo, da ransa, amma ƙashin ƙaurinsa ya karye, bai sake taka ƙafar sosai ba sai bayan girbi. Kafin mu sami wanda zai maye gurbinsa, lokacin takin ya wuce a gonaki da dama, sakamakon gwajin wannan shekara ya tashi a banza. Tasa gonar ta gida kuwa ciyawa ta cinye ta. Kuɗin da ya ga kamar ya rage a ciniki, ya biya ninkinsu a wajen ɗori da magani da sayen hatsin da ya saba nomawa da kansa. Tun daga ranar na daina ɗaukar zancen babur a matsayin abin da bai shafi aikina ba.

Abin da hatsari yake yi wa babur

Kayan babur iri biyu ne. Akwai waɗanda ake kwancewa da sifana a sa sababbi, irin su fitila da madubi da hannun birki da salansa da sarƙa da wili, har ma da shokozoba. Akwai kuma firam, wanda shi ne ƙashin bayan babur, kuma a jikinsa aka buga lambar da take cikin takardu. Idan babur ya yi karo ta gaba, ƙarfin dukan yana bi ta tayar gaba, ya hau ta shokozoba biyu, ya sauka a wuyan firam, daidai inda kan babur yake juyawa. Idan dukan ya yi ƙarfi, wuyan yakan lanƙwashe ko ya tsage.

A nan ne ake kai shi wurin mai walda, a gasa ƙarfen da wuta har ya yi ja, a danƙara shi ya koma kamar daidai, a liƙe tsagar, a goge, a fesa fenti. Ido zai ga ya miƙe, amma ƙarfen da aka lanƙwasa aka gasa aka sake miƙarwa ba ya komawa yadda masana'anta ta yi shi. Kowane manomi ya san yadda ake tsinka waya idan babu almakashi: a lanƙwasa ta nan, a mayar can, sau da yawa, har ta karye a wuri guda. Haka gargadar hanyar burji take yi wa wuyan da aka taɓa gyarawa. Kowane rami da kowane tudu yana ƙara buɗe 'yar tsagar da ke gefen waldar, a hankali, a ƙarƙashin fenti, inda ba mai gani. Ranar da za ta ƙarasa kuwa ba ta sallama, kuma ta fi zuwa a lokacin da aka yi lodi ana gangara.

Ko da bai karye ba, firam ɗin da ya karkace yana sa tayar baya ta daina bin sawun ta gaba. Sakamakon haka babur yakan ja gefe guda, taya takan cinye ta ɓangare ɗaya, sarƙa takan yi saurin lalacewa, kan babur kuma yakan yi rawa idan an ɗan yi gudu ko an taka birki. A kan kwalta, mutum shi kaɗai, yana iya jurewa. Amma a tuna irin aikin da manomi zai sa shi. Buhu biyu na takin zamani kilo 100 ne, ga nauyin mahayi, ga yashi, ga taɓo, ga kunyoyin gona da gefen fadama. Lafiyayyen babur ma wannan lodi ya yi masa yawa, balle wanda ƙashinsa ya taɓa karyewa.

Abin da tsere da wasa suke yi wa babur

Ba lallai sai babur ya faɗi ba kafin ya tsufa. A garuruwanmu mun san samarin da suke tsere a kan sabuwar kwalta da yamma, da masu wasa da babura a ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya ko taron siyasa, suna ɗaga tayar gaba sama, suna murza mai har inji ya yi kururuwa, suna jan birki taya na ƙuje ƙasa. Irin waɗannan babura sau da yawa shekarunsu kaɗan ne, jikinsu kuma yana da kyau, domin masu su suna son ado. Ciki ne ya tsufa.

Ƙananan baburan da muke hawa, masu inji daga cc 100 zuwa 150, iska ce take sanyaya su, kuma an yi su ne domin tafiya matsakaiciya. Idan aka daɗe ana ƙure musu mai, zafi yana cinye zobban fistin da bawul, farantan kuloci suna ƙonewa, boris na cikin inji suna sakin jiki. Ɗaga tayar gaba kuwa, duk saukar da za ta yi duka ce a kan shokozoba da boris na wuya da wayoyin wili. Har ila yau masu wannan wasa sukan huda salansa domin ƙara, wasu su cire matatar iska wai don inji ya ƙara ƙarfi. Injin da ya yi hunturu guda yana shaƙar ƙurar harmatan babu matata, tamkar an zuba masa yashi ne a ciki.

Mai sayarwa yana da dabarun ɓoye wannan na kwana biyu. Yakan zuba baƙin mai mai kauri domin ya danne ƙara da hayaƙi, ya sa sabon fulogi, ya kuma ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Bayan wata ɗaya ko biyu sai babur ya fara shan baƙin mai, ya ƙi tashi da safe, ya kasa hawan tudu da kaya. Gyaran da zai biyo baya na sauke inji ne, kuma yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da kuɗin hannu duk sun tafi ga taki da 'yan ƙodago.

Hujjojin masu cewa a saya

Na sha tattauna wannan magana da manoma da abokan aiki, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne.

Ta farko ita ce talauci. Sukan ce mai kuɗi ne yake zaɓe, talaka abin da hannunsa ya kai shi yake ɗauka. Gaskiya ne kuɗi sun yi wuya. Amma daidai wannan dalili ne ya sa nake cewa talaka ya fi kowa buƙatar taka-tsantsan. Mai hali idan babur ya lalace zai sayi wani. Ƙaramin manomi kuwa wataƙila rago biyu da buhunan hatsi ya sayar ya haɗa kuɗin, kuma ba zai sake haɗa irinsu ba sai bayan shekaru. Sannan jikinsa shi ne jarinsa. Damina a mafi yawan arewacin ƙasar nan wata huɗu zuwa shida ce, karayar ƙafa kuma takan ɗauki watanni kafin mutum ya iya riƙe fartanya. Wanda ya karye a watan Yuni ya yi asarar shekara ke nan. Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba, gara tsohon babur mai dusasshen fenti wanda aka san mai shi, aka san bai taɓa karo ba, da sabon shiga mai sheƙi wanda ba a san inda ya fito ba. Arha ba ta ado.

Ta biyu, sukan ce ai babu babur ɗin da bai taɓa faɗuwa ba. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa ban ce a guji duk wanda ya faɗi ba. Wanda santsi ya kayar a taɓo, ya karya madubi ya lanƙwasa matakin ƙafa, lafiyarsa lau. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce: aibin da sifana za ta iya cirewa, a yi cinikinsa, a rage kuɗin gyara daga farashi, aibin da sai an kunna wutar walda a kan firam, a bar wa mai shi kayansa.

Ta uku, sukan ce makanikanmu gwanaye ne, babu abin da ba sa gyarawa. Ba na musun gwanintarsu, da su ƙauyukanmu suke motsi. Sai dai miƙar da firam daidai yana buƙatar ma'auni da na'urar da ba a samu a rumfar bakin hanya, kuma babu mai iya duba cikin walda da ido ya ce ta kama ko ba ta kama ba. Makanike na ƙwarai shi da kansa zai gaya maka haka, idan ba shi da rabo a cinikin.

Yadda za a duba babur kafin a biya

Kada a yi cinikin biri a sama. A je da rana, a je da makaniken da mai saye ya zaɓa kuma shi zai biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Sannan a bi waɗannan matakai:

1. A fara da tambaya. Wa ya saye shi sabo? Hannu nawa ya bi? Wane aiki ya yi? Ya taɓa karo? Me ya sa ake sayar da shi? A yi tambayar a gaban shaidu, a kuma sake yin ta ta wata fuska bayan an jima. Mai gaskiya amsarsa ba ta sauyawa.

2. A taɓa inji kafin a tayar. Idan da ɗumi, a jira ya huce sarai, ko a dawo washegari da sassafe. Lafiyayyen inji yana tashi a sanyi ba da wahala ba, ya kuma tsaya da kansa ba sai ana murza masa mai ba.

3. A dubi hayaƙi. A baburan yanzu, waɗanda baƙin mai yake zaune a cikin inji, shuɗin hayaƙi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. Tsofaffin da ake haɗa wa mai da fetur su dama suna hayaƙi, kada a rikita su. A zaro ma'aunin mai a murza a yatsu. Idan ya yi kauri fiye da kima ko yana da ƙyalƙyalin garin ƙarfe, a yi hattara.

4. A cire kujera, a ɗaga tanki, a haska wuyan firam da tocila ta kowane gefe. Waldar masana'anta sumul take, iri ɗaya dama da hagu. Waldar gyara takan yi tudu da kwari, ko a ga alamar goga, ko sabon fenti a wuri guda, ko fentin da ya tsattsage. Mai sayarwar da ya hana a ɗaga tanki ya riga ya ba da amsa.

5. A juya kan babur zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu. Akwai ɗan ƙarfen da yake tokare shi a kowane gefe. Idan ya lanƙwashe ko an yi masa walda, ko kan ya fi juyawa ta gefe ɗaya, ko yana bugun tanki, babur ɗin ya sha duka.

6. A kafe shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, a ɗaga tayar gaba. Kan ya riƙa juyawa sumul, ba ya sarƙewa a tsakiya. A kama shokozoba a ja gaba da baya, kada a ji ƙwas-ƙwas. A duba ko suna yoyon mai, a kuma hango su daga gefe a ga ko sun miƙe tare. A juya kowane wili a ga ko yana rangaji.

7. A gwada sawu. A daidaita tayar baya tukuna, sannan a tura babur a miƙe a kan lallausan yashi ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tayar baya ta hau kan sawun ta gaba. Idan sawu biyu suka fito gefe da gefe, akwai abin da ya karkace.

8. A nemi alamun wasa da faɗuwa: ƙarshen hannun birki da na kuloci da ya goge, matakin ƙafa da ya cinye ta ƙasa, salansa da aka huda, gidan matatar iska babu komai a ciki, notuna masu kai daban-daban a jikin inji. Idan an ɗora maganaɗisu a tanki ya ƙi kamawa a wani wuri, an cike loɓawa ne aka rufe da fenti.

9. A hau shi, da hular kwano, a kan kwalta da kuma burji. A shiga kowace giya, a ji ko tana fita da kanta, ko inji yana ƙara amma gudu ba ya ƙaruwa, wanda alama ce ta kuloci ya ƙone. A taka birki a ga ko yana tsayawa a miƙe. A sake gwadawa da mutum a baya, domin wani aibin sai da nauyi yake bayyana.

Batun takardu

Tarihin babur bai tsaya ga ƙarfe ba. A gwada lambar inji da lambar firam da abin da ke rubuce a rasit na asali da takardar shaidar mallaka, harafi da harafi. Lambar firam a jikin wuya take, wurin da hatsari ya fi taɓawa, saboda haka lambar da aka goge ko aka sake bugawa tana nuna ɗayan biyu: ko an yi aiki a wuyan, ko babur ɗin na sata ne. Kowanne daga ciki ya isa a fasa ciniki.

Wannan ya ƙara muhimmanci saboda halin tsaro. A 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja sun kafa dokokin taƙaita hawa ko sayar da babura a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, kuma jami'an tsaro suna tsananta bincike a kan babura a hanyoyin karkara. Manomin da aka tare da babur marar takardu zai sha wahalar da ta fi ta gyaran inji. A rubuta yarjejeniyar ciniki da sunan mai sayarwa da lambobin babur da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, a rubuta a ciki abin da mai shi ya faɗa game da hatsari. Daga nan a je ofishin lasisi a mayar da mallaka zuwa sunan mai saye, shi kuma ya nemi lasisin tuƙin babur.

Kira ga malaman gona da ƙungiyoyin manoma

'Yan'uwana malaman gona, mun saba gaya wa manomi kada ya sayi iri a buɗaɗɗen buhu a kasuwa, domin ƙwayar da ta yi kyau a ido ba ita ce shaidar za ta tsira ba. Mun saba ce masa idan zai sayi san huɗa ya dubi haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi garken da ya fito. Wannan hankali shi ne ake buƙata a wajen babur, kuma manomi yana da shi, tuni kawai yake so. Lokacin da ya dace a yi wannan tuni shi ne kaka, sa'ad da kuɗin amfanin gona suka shigo hannu, dillalai kuma suka fi kai kaya kasuwannin ƙauye. Minti goma a ƙarshen taron manoma sun isa. Mu kuma mu fara da kanmu, domin manomi yana kallon abin da malaminsa yake hawa.

Ƙungiyoyin manoma suna iya yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Ƙungiya ta ajiye amintaccen makanike guda da zai riƙa raka duk ɗan ƙungiyar da zai sayi babur, a biya shi ladansa daga asusu. Wadda take ba da rance ko take adashi domin sayen babura ta sa sharaɗin sai an duba firam da takardu kafin a saki kuɗi. Hukumomin da suke tura malaman gona ƙauyuka kuma su sani cewa shawarar da ba ta isa gona a kan lokaci ba, daidai take da wadda ba a bayar ba, don haka lafiyar abin hawan ma'aikaci tana cikin lissafin aikin.

Ga masu sayarwa kuma, manomi ma wata rana shi ne mai sayarwa. Wanda babur ɗinsa ya yi mummunan karo, ya faɗi gaskiya ya karɓi kuɗin da ya dace, ko ya sayar da inji da sauran kayan daban-daban, firam ɗin ya tafi wurin 'yan gwangwan. Ɓoye tsagar wuya da fenti a miƙa wa maƙwabci, sanya ransa ne a hatsari saboda 'yan kuɗi kaɗan.

Kammalawa

Malam manomi, idan ka je kasuwa ka ga babur yana sheƙi, kuɗinsa kuma ya yi ƙasa da na sauran, ka tuna ruwa ba ya tsami banza. Ka tambayi tarihinsa, ka sa a ɗaga tanki, ka tayar da shi a sanyi, ka gwada lambobinsa da takardu. Idan aibin na sifana ne, ka yi ciniki ka rage kuɗi. Idan walda ta taɓa wuyansa, ko alamu sun nuna na 'yan tsere ne, ko an hana ka dubawa, ka mayar da kuɗinka aljihu ka jira kasuwa ta gaba. Jiran mako biyu da rani ya fi kwanciyar wata uku da damina sauƙi. Allah ya tsare mu a hanya, ya ba mu damina mai albarka.